Nazarin lamari: yadda aka zaɓi makirufo don ɗaukar fiyano a matsakaicin sutudiyo

Aikin da aka kawo sutudiyon faifai ne na kiɗan fiyano. Mafi yawan kiɗe-kiɗen fiyano ne shi kaɗai, a natse, da wurare da dama inda makaɗiyar ke sassauta hannu har sautin ya kusa ɓacewa. A guda biyu kuma akwai mai ganguna da mai bes, wato kayan kiɗan tsirkiya mai kaurin murya, su ukun sun ce a ɗaki ɗaya za su yi suna kallon juna, don ba su saba kiɗa ta bayan gilashi ba. Fiyanon Yamaha C7 ne, mai tsawon santimita 227. Ɗakin mita 8 ne a tsawo, 6 a faɗi, rufinsa mita 3.5 daga ƙasa. Daɓensa na katako ne, an liƙa kayan shanye sauti a wasu sassan bango an bar wasu. Ɗaki ne mai daɗin amo, amma ba zauren kiɗa ba ne, kuma wannan bambancin ya yi ta dawowa a kowace shawara da aka yanke.

Tun kafin a jona waya ɗaya akwai saɓani. Makaɗiyar tana so mai sauraro ya ji kamar yana zaune 'yan taku kaɗan daga fiyanon, sauti na zuwa masa a haɗe, da iskar ɗaki a cikinsa. Furodusan kuwa hankalinsa na kan inda za a saurari faifan: a waya, ta 'yar ƙaramar lasifika ko abin kunne, sau da yawa cikin hayaniya. Shi yana so kowane bugu ya fito tar. Kowannensu na da hujja, injiniyan sauti kuma shi ne a tsakiya.

Makirufon da ke cikin kabad ɗin sutudiyon su ne Neumann KM 184 guda biyu, DPA 4006 guda biyu, AKG C414 XLS guda biyu, Coles 4038 guda biyu, Neumann U 87 guda ɗaya tilo, sai tarin Shure SM57. Wanda bai san aikin ba zai ce a ɗauko mafi suna a kafa, shi ke nan. Ba haka abin ya tafi ba.

Abin da ake ƙoƙarin kamawa

Fiyano na da maɓalli 88. Muryarsa mafi kauri tana kaɗawa sau 27.5 a sakan guda, wato Hz 27.5, mafi siriri kuma Hz 4,186, sannan kowace murya na ɗauke da 'ya'yan amo da ke hawa sama da haka nesa. A cikinsa akwai tsirkiya kimanin 230, an ɗaure su da ƙarfin da jimillarsa ta kusa tan 20. Sai dai tsirkiyar ita kaɗai ba ta iya girgiza iska sosai, siririya ce. Abin da kunne ke ji mafi yawansa daga allon amo yake fitowa, wannan faffaɗan katakon da ke shimfiɗe ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda ke karɓar girgizarsu ya tura ta cikin ɗaki ta sama da ta ƙasa. Murfin kuma, in an ɗaga shi, yana karkato muryoyin sama zuwa gefe guda.

Ma'anar wannan ga mai kafa makirufo ita ce babu wuri ɗaya da za a nuna a ce ga bakin fiyano. Mawaƙi baki ɗaya gare shi, kakaki ma haka. Fiyano abu ne mai tsawon fiye da mita biyu da ke fitar da sauti daga ko'ina a jikinsa, kuma sautin ba ya haɗuwa ya zama abin da muka sani da fiyano sai ya yi ɗan nisa. Wanda ya cusa makirufo cikin cikinsa kamar wanda ya manna hanci a bango ne yana son ganin girman gida.

Akwai kuma maganar bugun farko. Gudumar da aka lulluɓe da ulu tana dukan tsirkiya ta koma cikin ƙiftawar ido, kuma a wannan ɗan lokacin ne kunne ke gane cewa fiyano ne. Makirufon da tantaninsa, wato ɗan fallen da ke motsi in sauti ya same shi, ke da nauyi ba ya saurin motsi, sai ya dakushe wannan kaifin.

Kafin a taɓa kabad, mai saita tsirkiya ya zo ya yi aikinsa, aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, aka gyara feda da ke ɗan ƙara, aka sauya kujerar makaɗiyar saboda tana kuka in ta karkata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a kiɗan da ya yi sanyi irin wannan makirufo mai kyau kukan kujera zai fara kawo maka. An kuma janye fiyanon daga tsakiyar ɗaki aka karkata shi kaɗan, murfinsa na buɗewa zuwa doguwar kusurwa. Daga nan injiniyan ya sa makaɗiyar ta ci gaba da kiɗa, shi kuma ya toshe kunne ɗaya yana zagayawa, yana durƙusawa yana miƙewa. Kunne biyu na yi wa mutum gata, ƙwaƙwalwa na tace amsa-kuwwar ɗaki ta ɓoye ta. Kunne ɗaya ya fi kusa da abin da makirufo zai ji.

Waɗanda aka fara ajiyewa

SM57 bai ɗauki lokaci ba. Makirufo ne mai aminci, tun 1965 ake amfani da shi, amma dainamik ne, tantaninsa na jan naɗin waya, kuma iyakar da kamfanin ya ba shi Hz 40 zuwa 15,000 ce. A dandali, fiyano na kokawa da jita da ganguna, yana iya yin aiki. A nan ba wurinsa ba ne. U 87 kuwa, wanda Neumann ya fitar a 1967, ba shi da aibu face shi kaɗai ne, aikin kuma sitiriyo ake so, wato sautin hagu da dama, mai buƙatar makirufo biyu. An yi tunanin haɗa shi da C414 ɗaya, a sa ɗaya ya ɗauki tsakiya ɗayan ya ɗauki gefe da gefe, aka bar wannan a matsayin mafita in komai ya ƙi.

KM 184 aka fara kafawa, kuma bisa buƙatar furodusa aka sa su cikin fiyano, kimanin santimita 20 sama da tsirkiyoyi, kusa da layin gudumomi. Ƙaramin tantani gare su, nau'in kondensa, wanda tantaninsa ba ya jan naɗin waya, masu ji ta gaba suna ƙin baya, irin waɗanda 'yan sana'a ke kira kadiyoid. Suna kuma da ɗan tashi a wajen Hz 9,000 da ke ƙara wa sauti sheƙi. Abin da furodusan ya nema ya samu, kowane bugu ya fito kamar an zana shi. Amma abubuwa uku suka biyo baya.

Na farko, duk sa'ad da makaɗiyar ta taka fedar dama, 'yan ulun da ke danne tsirkiyoyi suka ɗaga gaba ɗaya, sai a ji wani huci, in ta saki kuma a ji tim. Kiɗan nata kuwa kusan kowane layi da feda yake. Na biyu, muryoyin da ke daidai ƙarƙashin makirufo sun fi maƙwabtansu ƙarfi. Lissafin a fili yake: duk ninkin nisa na rage ƙarfin sauti da kusan desibel 6, don haka abin da ke santimita 60 zai gaza abin da ke santimita 20 da fiye da desibel 9. A zahiri bambancin bai kai haka ba, tunda allon amo na baza sautin, amma ya isa a ji hannun dama yana hawa, ya yi ƙarfi a wani wuri ya yi rauni a wani, alhali makaɗiyar ba haka ta buga ba. Na uku, makirufo mai jin ɓangare ɗaya in ya matso kusa da abu sai ya ƙara kaurin ƙasa, sai tsakiyar fiyanon ta yi wani cunkoso.

Makaɗiyar ta saurara ta ce wannan abin da mai gyaran fiyano ke ji ne in ya sunkuya ciki, ba abin da take bugawa ba. A ganina ta faɗi daidai.

Sai aka fito da su waje, gaban lanƙwasar fiyanon da kimanin mita ɗaya, a tsarin ORTF: tantani biyu a tazarar santimita 17, kusurwar da ke tsakaninsu digiri 110. Injiniyoyin gidan rediyo da talabijin na Faransa ne suka tsara shi a wajen shekarun 1960, kuma har yau yana cikin abin da ba ya kunyata mutum. Nan take hucin feda ya ragu, muryoyi suka daidaita, faɗin fiyanon ya zauna tsaf daga hagu zuwa dama. Da a nan aka tsaya, da ba wanda zai ce an ɓata aiki. Sai dai hannun hagu, mai buga muryoyin ƙasa, ya rame. Akwai kiɗa ɗaya da ke buɗewa da muryoyin can ƙasa ana barin su suna gurnani, a ɗaki kana jin su a ƙirji, a lasifika kuwa sai aka ji siffarsu ba nauyinsu.

Dalilin yana cikin ginin makirufon. Kadiyoid na gane inda sauti ya fito ne ta hanyar barin iska ta isa tantani ta gaba da ta baya, bambancin biyun shi ne abin da yake ɗauka. Ga murya mai kauri, wadda tsawon zangonta a Hz 27.5 ya haura mita 12, bambancin gaba da baya ɗan kaɗan ne. A kusa, ƙarin kaurin nan na rufe giɓin har ya wuce gona da iri. A nesa kuwa ƙasan na zubewa sannu a hankali. Ana iya ɗaga shi da na'urar daidaita sauti, amma abin da aka ɗaga da hannu bai cika yin daidai da abin da aka kama tun farko ba.

Inda aka daɗe

DPA 4006 omni ne, wato yana ji ta kowane ɓangare. Bayan tantaninsa a rufe yake, matsin iska kawai yake aunawa, don haka bai damu da kusa ko nesa ba wajen kauri, kuma yana sauka har wajen Hz 10. Asalinsa daga kamfanin Brüel & Kjær na Denmak ne, masu ƙera kayan awon sauti, a farkon shekarun 1980, kuma halin kayan awo bai bar shi ba: ba ya ƙawata komai. Aka kafa biyu a kan sanda ɗaya, tazarar santimita 50, nisan mita 1.5 daga fiyano, tsayin mita 1.75 daga ƙasa.

Ƙasan da aka rasa ya dawo gaba ɗaya. Wutsiyar kowace murya ta yi tsawo, aka ji katakon fiyanon kansa. Tare da su ɗakin ma ya shigo, kuma a nan ne girman ɗakin ya fara magana. Kadiyoid da ke nisan mita 1.7 na ɗaukar amon ɗaki daidai da omni da ke nisan mita ɗaya. Omni a mita 1.5 ke nan ya yi kamar kadiyoid a mita biyu da rabi. A babban zaure wannan alheri ne, domin amsa-kuwwar na dawowa a makare, a tausashe. A ɗaki mai faɗin mita 6 bango na mayar da sauti cikin 'yan milisakan, kunne kuma na fassara hakan da cewa ɗakin ƙarami ne. Aka matso da su zuwa kimanin mita 1.1, abin ya gyaru ƙwarai.

Sai wata matsala ta fito wadda da farko aka ɗora wa makirufon. Muryar G ta ƙasa, mai Hz 98, duk inda ta zo sai ta kumbura ta danne na kusa da ita, G ɗin da ke ƙasa da ita kuma, mai Hz 49, ta yi shiru fiye da kima. Furodusan ya ce omni ɗin ne ke da ƙasa da yawa, a koma KM 184. Injiniyan ya ce da makirufon ne da duk muryoyin ƙasa za su kumbura tare, ba guda ɗaya ba.

Rufin ɗakin ne. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan. Tsakanin daɓe da rufi mai mita 3.5, muryar da ke zuwa ta dawo ta tarar da kanta daidai ita ce 343 a raba da 7, tsawon zuwa da dawowa ke nan, wato Hz 49, sai ninkinta Hz 98. Duka biyun G ne. A daidai tsakiyar tsayin ɗaki, mita 1.75, ta farkon tana kashe kanta, ta biyun kuma tana kan ganiyarta. Makirufon a nan aka kafa su cif. KM 184 ma sun ji wannan abin, sai dai da yake ƙasansu ya riga ya yi rauni ba a lura ba. Aka ɗaga sandar zuwa wajen mita 2.2, tana leƙen tsirkiyoyi ta layin murfi. Kumburin bai tafi duka ba, amma ya sauka zuwa inda ɗan yanki siriri na desibel biyu zuwa uku a wajen haɗa sauti zai ƙarasa shi, G ta can ƙasa kuma ta dawo.

Wannan shi ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai. Sauya tsayin sanda da ƙasa da rabin mita ya canza sautin fiye da yadda sauya Neumann da DPA ya canza tsakiyarsa. Mutane na kashe dare suna gardamar wane kamfani ya fi, alhali tambayoyin da ke yanke hukunci su ne: nawa ne nisan da ɗakin zai yarda a yi, kuma a wannan nisan, omni ne ko kadiyoid. Sunan kamfani daga baya yake zuwa.

An gwada kuma tsarin da aka san injiniyoyin kamfanin Decca da shi, inda ake kafa omni biyu a wajen wutsiyar fiyano suna kallon tsawon tsirkiyoyi. Sautin ya yi ɗumi, ƙarar gudumomi ta yi nisa. Amma a ɗakin nan wutsiyar na kusa da bango, sai amon bangon ya rinjaya. Aka bari.

Saura jarrabawar furodusa, kuma yana da gaskiya da ya nace a kanta: a haɗe hagu da dama su zama mono, kamar yadda ƙaramar lasifika za ta yi. Makirufo biyu masu tazara na karɓar sauti ɗaya a lokaci daban-daban. In bambancin tafiyar ya kai santimita 34, jinkirin milisakan ɗaya ke nan, kuma in aka haɗe su Hz 500 zai soke kansa, haka 1,500, haka 2,500. A sitiriyo wannan jinkirin ne ke ba da faɗi mai daɗi, a mono shi ne ke sa fiyano ya yi kamar ana jin sa ta cikin bututu. A tazarar santimita 50 an ɗan ji ramewa a muryoyin gefe. Aka rage zuwa 40, faɗin ya ɗan tsuke, mono ya zauna. Masu buɗa omni har mita ɗaya da rabi suna samun fiyano mai faɗin ɗaki da rami a tsakiyarsa, kuma ban taɓa jin makaɗin da ya gane kayansa a irin wannan ɗaukar ba.

Coles 4038 sun zo daga ƙarshe. Ribon ne, ɗan siririn zaren alminiyam a tsakanin maganaɗisu, wanda BBC ta tsara a shekarun 1950. Yana ji ta gaba da baya, ya kurmance ta gefe. An gicciye su a kusurwar digiri 90, tsarin da Alan Blumlein na kamfanin EMI ya yi wa rajista a 1931. A tsakiyar fiyano babu wanda ya kai su daɗi, wannan kowa a ɗakin ya yarda. Kaifin C7, wanda fiyano ne mai haske da ma, ya tausasa. Amma ƙarfin da suke fitarwa ya gaza na kondensa da fiye da desibel 20, sai an murɗa na'urar ɗaga sauti kusan ƙarshe, kuma a wuraren da makaɗiyar ke barin murya ta mutu a hankali sai shuuu ɗin na'urar ya fito. Bayansu kuma na kallon bango kai tsaye. Ga kiɗa mai ƙarfi a ɗaki babba, da su zan zaɓa. Ga wannan faifan, a'a.

Wani abu game da yadda aka yi sauraron. An daidaita ƙarfin kowace ɗauka da ta 'yar'uwarta kafin a kunna, kuma ba a gaya wa makaɗiyar da furodusan wace ce wace ba. Kunne na son abin da ya fi ƙara, ko da desibel ɗaya ne, ido kuma na son suna mai tsada. Su biyun suka nuna DPA a kiɗan da ke da ƙasa, furodusan ya nuna ORTF a wani mai sauri.

Sulhun da aka yi shi ne DPA su zama ginshiƙi, KM 184 kuma su tsaya a bakin lanƙwasa, wajen fiyano amma kusa, a ɗauke su a layi daban. A wajen haɗawa aka sa su ƙasa da manyan da kimanin desibel 10, iya yadda za su ƙara wa bugu kaifi ba tare da an san suna nan ba. Da yake sun fi kusa, sautinsu na riga na DPA isowa, kowane santimita 34 milisakan ɗaya, don haka aka auna tazarar da tef aka jinkirta su daidai gwargwado. An kuma sauya wa DPA murfin gaba da baƙin nan da aka yi don ɗauka daga nesa, wanda ke ɗaga muryoyin sama. Wannan kaɗai ya biya rabin buƙatar furodusan. Wajen ɗauka an bar fili mai yawa, mafi ƙarfin bugu na tsayawa wajen desibel 12 ƙasa da iyaka, domin makaɗi kullum ya fi duka da ƙarfi in an ce yanzu ne na gaske.

Da ganguna suka shigo

Duk abin da aka gina a sama ya rushe a kiɗa biyun nan. Omni a nisan mita ɗaya daga fiyano, ganguna a mita uku, ai makirufon ganguna ne. Sai aka juya fiyanon bayan murfinsa ya fuskanci mai ganguna, aka sauke murfin kan gajeriyar sanda, aka rufa manyan barguna ta gefen da ke buɗe, aka tsayar da allon tare sauti a tsakani, ƙasa da idon makaɗan don su ga juna.

A nan C414 suka sami aiki. Tun 1971 AKG ke fitar da wannan jinsin, samfurin XLS kuma na da zaɓin yanayin ji har tara, da maɓallin rage ƙarfi na desibel 6, 12 ko 18, da na yanke ƙasa a Hz 40, 80 ko 160. Siffarsu ma ta taimaka, ta gefen jikinsu sauti ke shiga, ba ta kai ba, don haka suna kwanciya ƙarƙashin murfin da aka sauke ba tare da sun taɓa shi ba. Aka sa su a kadiyoid. Ɗaya a kan muryoyin sama, an ja shi baya daga gudumomi don kauce wa hucin feda, ɗayan can wajen da tsirkiyoyin ƙasa ke gicciye na tsakiya. Kowanne kimanin santimita 25 daga tsirkiya, tsakaninsu kuma santimita 75 ko fiye, bisa ƙa'idar nan ta uku bisa ɗaya da ke rage soke-soken juna. Aka yanke ƙasa a Hz 80, tunda bes ne ke riƙe da wannan yankin, kuma ta nan ne babbar gangar ƙafa ke kutsowa.

An gwada mayar da su siffar lamba takwas, mai ji ta gaba da baya kamar Coles, don a juya kurman gefensu ga ganguna. Ganguna sun ragu, amma bayan makirufon na kallon murfi a tazarar ɗan yatsa, sautin da murfin ke mayarwa ya shigo ya sa fiyanon ya yi hanci. Aka koma kadiyoid.

Ganguna ba su fita duka ba, kuma ba za su fita ba. Allon amo kansa na karɓar girgizarsu, sannan tsirkiyoyin can sama na fiyano ba su da ulun dannewa, a sake suke kullum, duk dukan farantin ƙarfe sai sun amsa. Bargo ba ya maganin wannan. Abin da injiniyan ya kula da shi shi ne abin da ya kutso ya zama mai daɗin ji. Babban tantani na dusashe sautin da ya zo masa ta gefe, don haka farantan da suka shigo ta C414 sun ɗan yi duhu. Da aka haɗa su da makirufon da ke saman ganguna abin bai yi muni ba, har ma ya ɗaure makaɗan uku wuri ɗaya. Farashinsa shi ne ba a iya gyara kuskuren fiyano shi kaɗai, in za a yanka a ɗinka sai a yanka su ukun tare. Sun san da haka tun da suka zaɓi ɗaki ɗaya.

Fiyanon waɗannan kiɗa biyun bai kai na sauran kyau ba, kuma ba na jin akwai makirufon da zai sa ya kai. An cire masa ɗan cunkoso a wajen Hz 300, aka ƙara masa amon ɗaki na na'ura mai kama da wanda DPA suka kama, aka kuma tabbatar muryoyin sama suna ɓangare ɗaya da inda suke a sauran faifan, don kada fiyano ya juya a kunnen mai sauraro daga kiɗa zuwa kiɗa. Mai kunne zai ji an sauya, amma shigowar ganguna na ɗauke hankali daga wurin.

Da sutudiyon ba shi da DPA, C414 ɗin nan a yanayin omni su ne za su hau sandar, a wuri ɗaya da tsayi ɗaya, kuma da aka gwada su haka tazararsu da DPA ba ta kai tazarar da ke tsakanin tsayin mita 1.75 da 2.2 ba. Da kuma rufin ɗakin mita 2.5 ne, da bangon da ba a yi wa komai ba, da omni ba su sami gurbi ba sam: KM 184 a ORTF, kusa da lanƙwasa, su ne za su ɗauki faifan gaba ɗaya, a nemo ƙasan da amon ɗakin daga baya a wajen haɗa sauti.